Kwamfutar da Ta Yi Nauyi

Rana ta yi ja, Auta yana kici-kicin ja da ƙofar shagonsa na gyaran kwamfuta, sai wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce. Kowa a layinsu, Injiniya yake ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Ita kaɗai ce ba ta daina kiransa Auta ba, duk da furfurar da ta fara leƙo masa a gemu.

"Auta, kana ina? Abar nan ta ƙi tafiya."

"Wace aba kuma, Yaya?"

"Kwamfutar ofis mana. Tun la'asar ta yi nauyi. In na danna harafi sai na gama hamma kafin ya fito."

"Ki kashe ki kunna."

"Sau uku na yi. Kai dai ka zo. Gobe da safe Lauya zai shiga kotu da takardun nan, shafi arba'in, ko rabi ban ci ba."

Bai yi musu ba. Ya jefa sukudireba da buroshi da filas ɗin kwafe fayil a jaka, ya hau babur.

Shekara goma sha tara Yaya tana buga wa Lauya takardu. Da wannan aikin ta riƙe Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ita ta fara ɗora yatsunsa a kan keken rubutu yana ƙarami. Amma a watan jiya Lauya ya ɗauko wata sabuwar ma'aikaciya mai yatsu kamar walƙiya, ya ba ta teburin gaba. Yaya kuwa aka mayar da ita ɗakin ƙarshe a hawa na uku, inda ake jibge tsofaffin fayiloli, ɗakin da ya yi shekaru a kulle. Ba a ce mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba. Wanda aka matsar da shi bakin ƙofa ya san abin da ya rage.

A ƙofar ginin ya tarar da tsohon maigadi yana zuba ruwa a buta.

"Sannu Baba. Yayata na sama?"

"Tana can." Tsohon ya ɗaga kai ya dubi tagar ƙarshe. "Na gaya mata ɗakin nan ba a kai magariba a cikinsa. Ta ce aiki ya kawo ta, ba hira ba."

"Ai kun san ta. Ko mu a gida ba ma cin ta da magana."

Ya yi dariya. Maigadin bai taya shi ba.

Duk ofisoshin an rufe. Takunsa kaɗai yake ji a matakala. A hawa na uku, can ƙarshen baranda, haske na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa ɗaya.

Ɗakin bai da girma. Fayiloli ɗaure da igiya sun kai kusan silin ta ɓangare biyu, takardunsu sun yi ruwan ƙasa. Akwai taga ɗaya mai ƙarfe, da agogon bango, da teburin katako. A kan teburin akwatin kwamfutar yake, allonta a gefe. Yaya tana zaune, gilashinta a kan karan hanci, takardun Lauya na rubutun hannu a cinyarta.

"Ka ga Injiniyan duniya," in ji ta. "Sai yanzu?"

"Da kin ce jirgi zan hau ai da na hau. Matsa mu gani."

Ya ja kujera. Ya danna harafi ɗaya, ya fara ƙirga a zuci. Sai da ya kai goma sha ɗaya harafin ya bayyana.

"Kin sa mata wani sabon abu yau? Ko wani ya zo da filas?"

"Ba wanda ya taɓa ta. Da safe lafiya lau, kamar ruwa."

"Me ya faru da la'asar ɗin?"

"Ba komai. Sai dai masu kwasar kaya da suka zo suka fitar da tsohon kabad ɗin ƙarfe da ke can." Ta nuna kusurwa. A ƙasa akwai shacin inda kabad ɗin ya zauna, baƙi ƙirin kamar an ƙona wurin. "Mutum huɗu suka zo da shirin wahala, Baba maigadi ya ce musu tun zuwansa ba wanda ya iya motsa shi. Sai ga shi mutum biyu sun ɗauke shi kamar kwali. Har suna yi wa Baba tsiya."

Auta ya gyaɗa kai kawai, hankalinsa na kan allo. Ya bi aikin yadda ya saba bi kullum, ɗaya bayan ɗaya. Ya duba rumbun ajiyarta ko ya cika: fiye da rabi a sarari yake. Ya kashe manhajojin da ke tashi tare da ita in an kunna. Ya sa filas ɗinsa ya nemi bairos, wato cutar kwamfuta, ya zauna yana jira har Yaya ta fara gyangyaɗi, bai samu ko ɗaya ba. Ya zare wayar intanet. Ba abin da ya canza.

"To ƙura ce," ya ce. "Ɗakin nan ko mutum ya zauna sai ya toshe, balle fanka."

Ya kwance murfin gefe. Ya haska da waya.

Babu ƙura. Ciki tas, kamar yau aka fito da ita daga kwali. Fanka tana gudu iya ƙarfinta, tana kuka, irin kukan da take yi in na'ura ta ɗau zafi. Amma da ya kai hannu sai ya ji sanyi. Sanyi irin na cikin randa. A jikin ƙarfen akwai ɗigon ruwa ƙanana kamar gumi.

Wani wari ya bugi hancinsa. Ba warin ƙonewar waya ba ne, wanda ya sani sarai. Warin tsohuwar rijiya ne da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya shafa yatsunsa a wando. Shekara goma sha biyu yana buɗe cikin kwamfuta, bai taɓa samun mai sanyi tana aiki ba.

"Ya ake ciki?" ta tambaya.

"Ina zuwa."

Ya buɗe jerin ayyukan da kwamfutar ke yi a lokacin. Sai da aka ɗau lokaci kafin ya fito. A can sama akwai layi ɗaya da ya cinye ƙarfinta gaba ɗaya. Inda ya kamata a ga sunan manhajar, babu komai. Fili ne kawai.

Ya kashe shi. Ya ɓace. Kafin ya ɗauke hannu ya dawo.

Ya sake kashewa. Ya sake dawowa.

"Bari in kai ta shago," ya ce. "Can ina da kayan aiki. In ba ki tawa ki ƙarasa a gida."

Ya miƙe, ya sa hannu biyu a ƙarƙashin akwatin, ya ɗaga.

Ko gezau.

Ya gyara tsayuwa, ya sake gwadawa har jijiyar wuyansa ta tashi. Shi da kansa ya hawo da akwatin nan watan jiya, a hammata, ɗaya hannun yana amsa waya. Yanzu kamar an kafe shi da ƙusa. Ya sunkuya ya dubi teburin ta gefe. Katakon ya lanƙwasa a tsakiya, daidai inda akwatin ya zauna, har ya fara tsagewa.

Ya miƙe a hankali.

Daga nesa aka fara kiran salla. Ya san muryar ladanin unguwar, mutum ne mai sauri. Yau kowace kalma ja take yi, ta yi ƙasa, ta yi kauri, kamar ana maganar a ƙarƙashin ruwa. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Siririn hannun ya buga ɗaya. Ya tsaya. Auta ya ja numfashi uku kafin ya buga na biyu.

Kukan fankar ma ya sauya. Ya daina zama ƙara ɗaya. Yana shiga, yana fita. Yana shiga, yana fita.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, "ɗauki jakarki."

"Ka gyara?"

"Ɗauki jakarki."

Ya kai hannu bayan tebur ya fizge wayar wuta daga soket. Irin wannan kwamfutar ba ta da batir. In an zare ta, ta mutu nan take.

Allon bai mutu ba.

Ya tsaya da kan wayar a hannu yana kallonsa. Yaya ta cire gilashinta a hankali.

A kan farin shafin, ƙarƙashin layin ƙarshe da ta buga, harafi ya fito. Ba wanda ya taɓa madannai. Sai wani ya biyo baya, sai wani, a hankali, kamar mai koyon rubutu.

*Kun ɗauke mini wurin zama.*

Auta ya ja da baya. Ya fara karanta duk addu'ar da ta zo masa, harshensa na harɗewa.

*Nan ya yi mini kaɗan.*

Katakon teburin ya yi ƙara.

*Ina zan zauna?*

Ya kama hannun rigarta. "Tashi mu tafi."

"Shafi goma sha bakwai na ciki," ta ce cikin raɗa. Idonta na kan allon. "Filas ɗinka na jiki. In kwafe kawai."

"Yaya, don Allah."

"In na sauka ba takardun nan, Auta, gobe ba ni da wurin dawowa. Ka san halin da mijina yake ciki da ƙafar nan tasa. Wa zai riƙe gidan?"

Ta zame hannunsa, ta kama linzamin kwamfutar. Ta ja fayil ɗin. Wani ɗan koren layi ya fito, ya fara cika kamar tafiyar hawainiya.

Hasken taga ya gushe. Ƙwan lantarkin da ke sama ya yi ja, ya yi ƙasa.

Layin ya kai rabi.

Numfashin da ke cikin akwatin ya ƙara ƙarfi. Takardun da ke kusa da shi suka fara ɗagawa suna sauka.

*Ina zan zauna?*

Yaya mace ce da ba ta iya barin tambaya ba amsa. Ko wanda ya yi kuskuren lamba ya kira ta, sai ta gaishe shi da iyali kafin ta ajiye. Auta ya ga leɓenta na motsi. Ya kai hannu zai rufe mata baki, amma hannunsa ya yi masa nisa, kamar yana tafiya cikin taɓo.

"Ka yi haƙuri, bawan Allah," ta ce. "Ba mu sani ba. Ka samu wani wurin ka zauna."

Numfashin ya tsaya.

Koren layin ya cika lokaci ɗaya. Teburin ya miƙe, ya yi ƙas. Duk haruffan da aka danna tun la'asar suka zubo a guje, shafi bayan shafi. Agogo ya ci gaba da bugawa daidai. Sai allon ya mutu.

Shiru.

Auta ya sauke ajiyar zuciya. "Ya tafi. Taso, Yaya."

Ba ta motsa ba.

Kujerar da take kai ta yi ƙara. Ƙafafunta na ƙarfe suka fara buɗewa.

"Yaya."

Idonta a buɗe. Hannunta na kan linzami. Bai san lokacin da ya fara ƙirga ba.

Tara. Goma. Goma sha ɗaya.

"Na'am," in ji ta.

A baƙin gilashin allon ya gan su su biyu. Ya ga na uku.

A kafaɗunta yake zaune, ya naɗe kansa kamar tsohuwar tabarma. Gwiwoyinsa sun wuce kunnuwanta. Dogayen hannuwa sun sauko ta gabanta har cinya. Ya ɗora haɓa a tsakiyar kanta, idanunsa a rufe, irin na wanda ya daɗe a tsaye ya samu wuri.

Auta ya waiwaya. Yaya ce kaɗai, kafaɗunta sun yi ƙasa.

Ya sake duban gilashin.

Ido ɗaya ya buɗe.

Ya cafki hannunta ya ja. Kamar ya ja bango. Ya sa ƙarfinsa duka, ta miƙe da ƙyar, ɗaya hannunta ya zare filas ɗin ya dunƙule. Taku ɗaya. Jira. Taku ɗaya. Ƙofar da ke nan kusa ta zama tafiyar yini.

Suka fita baranda. Duhu.

A bakin matakala sanyin ya fara. Daga tafin hannunta ya shigo nasa. Ya haura wuyan hannu. Ya kai gwiwar hannu.

Wani abu ya dafa kafaɗarsa ta hagu. Ya danna kaɗan, ya saki, ya sake dannawa, yadda mutum yake gwada kujera kafin ya zauna.

Ya buɗe baki zai ambaci Allah. Kalmar ta ƙi zuwa da wuri.

Ƙafarsa ta fara nauyi.

Ya sake ta.

Ya saki hannun Yayarsa, ya faɗa matakala. Ya gangara da kafaɗa da gwiwa, ya tashi, ya sake faɗuwa, bai tsaya ba sai da ya yi karo da maigadi a ƙasa.

Tsohon bai tambaye shi komai ba. Ya ɗauko tocila, ya riƙe Auta a damtse, suka koma yana karatu a bayyane. A hawa na biyu suka same ta tana saukowa. Ta ɗora ƙafa a matakala ɗaya, ta tsaya, ta ɗora ɗayar. Simintin yana amsawa. Fuskarta ba tsoro a ciki, ba komai.

Sai da suka fitar da ita titi, suka zaunar da ita a bencin maigadi, sannan ta ƙwalla ƙarar da ya kamata ta yi tun a sama.

Washegari Auta ya kai wa Lauya filas ɗin. Sabuwar ma'aikaciyar ta ƙarasa sauran shafukan kafin shayin Lauya ya huce. Kwamfutar kuwa aka sauko da ita teburin gaba. Har yau tana aiki, ba ta sake yin nauyi ba.

An kai Yaya asibiti uku. An ɗauki hoton kanta, an auna jininta, likita ya ce bai ga komai ba, zuciyarta ma ta fi ta mai shekara talatin ƙarfi. Malamai sun zo sun yi karatu, wasu har muryarsu ta dushe. Na ƙarshensu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya daɗe yana kallon saman kanta, sannan ya naɗe sallayarsa. A ƙofa ya ce wa Auta, "Wanda ya shiga da ƙarfi ana fitar da shi da ƙarfi. Wannan izini aka ba shi. Sai dai ku ci gaba da addu'a."

A makon farko, in an gaishe ta sai a jira minti ɗaya. Da wata ya zagayo, gaisuwar safe da azahar take amsa ta. 'Yarta ta koyi sa mata abinci a baki ta shafa mata maƙogwaro. Wata rana ruwan zafi ya zube mata a ƙafa, ba ta ko ƙifta ido ba. Sai bayan kwana biyu, ana zaune ana hira, ta janye ƙafar tana kuka.

Hankalinta bai taɓu ba. Wannan ne ya fi ci wa Auta rai. Duk amsar da ta bayar daidai take, har da barkwancinta, sai dai wanda ya yi tambayar ya daɗe da mantawa. Mijinta ya samo littafi yana rubuta abin da aka ce mata da ranar da aka ce, don in amsa ta zo a san ta wa ce.

Auta ya rufe shago. Hannunsa na hagu bai koma daidai ba, in ya aike shi sai ya ɗan jira kafin ya tafi, kuma ba a kwance ƙananan ƙusoshi da irin wannan hannu. Kullum da yamma yana zuwa ya zauna a gefen katifarta, wadda ta lotsa har ƙasa, an canza uku. Ya roƙe ta gafarar sakin hannunta da ya yi. Mijinta ya rubuta ranar. Amsar ba ta iso ba tukuna.

'Yarta ta yi aure, ta haihu. Aka kawo jaririn aka ɗora mata a cinya, aka riƙe shi, aka ɗauke. Yaron ya zauna, ya yi rarrafe, ya fara takawa yana dafa bango. Ran nan yana wasa da murfin tukunya a tsakar ɗaki, sai Yaya ta lanƙwasa hannuwanta a kan cinyar da ba kowa, fuskarta ta cika da murmushi.

"Masha Allah," ta ce. "Mace ce ko namiji?"

'Yar ta fita da gudu tana toshe baki. Auta ya zauna yana kallon ƙasa. Ya daina tsoron abin da ke kan kafaɗarta, ya ma daina sa ran zai sauka. Abu ɗaya ne yake hana shi sukuni, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba: ranar da Yaya ta cika, aka kai ta aka rufe, shekara nawa za ta yi a ƙasa kafin labarin ya iso gare ta?